Akwatin Kiran Gidan Pruitt

A gidan Pruitt, can cikin duwatsun Ozark, akwai wani ɗan akwatin katako da bai fi tsawon tafin hannu ba. Da shi ake kiran talo-talon daji. In ka shafa wa bakinsa alli ka goga murfin a hankali, sai ya yi kukan mace sak, har namiji ya baro abin da yake yi ya biyo. Kakan gidan ne ya sassaƙa shi da jan itace, shi ne kuma ya kafa masa doka. Wanda akwatin ke hannunsa, duk shekarar da ya harbo namiji sai ya yi tsaga ɗaya a gefe da wuƙa. Ran da lokacin farauta ya wuce babu sabuwar tsaga, akwati ya tashi daga wannan gida ya koma gidan ɗan'uwa mai farauta. Ba a rubuta dokar ba, ba a kuma taɓa karya ta ba.

Shekara talatin da ɗaya akwatin yana hannun Hoyt Pruitt, bai taɓa fashin tsaga ba. Sai cikin sanyin bara zuciya ta kayar da shi a bakin garken shanu, bai tashi ba. Ya bar wa matarsa Oleta bindiga mai baki biyu, da akwatin nan da babban yatsansa ya cinye wa murfi har ya yi kwarmi. Kullum da safe sai ta sa nata yatsan a cikin kwarmin kafin ta ɗora kofi.

Oleta ta ba sittin baya. Talo-talon da ta fige ta dafa ba su ƙirguwa, harbi kuma ta iya, don ta sha kashe dila a bayan akurki. Amma zama gindin itace a yaudari tsuntsu, wannan ba ta taɓa ba.

Ran Lahadin da za a buɗe farauta kashegari, bayan an taso daga coci, sai ga Burl ƙanin Hoyt a a-kori-kurarsa. Ya zauna ya cinye burodin masara biyu.

"Matar yaya, har yanzu dai hannun nan bai mutu ba."

"Hannuna lafiya lau. Idonka ne ke ciwo, tun da ka shigo yake kan kanta."

"Ni? Hoton bikinku nake kallo."

"Hoton bikinmu yana bayanka."

Burl ya yi dariya ya goge baki. "To, tunda kin tono, kin san doka. Sati uku ne. Ki miƙo shi yanzu kowa ya huta."

"Doka ta ce in lokaci ya wuce. Ya wuce?"

"Wa zai yi tsagar? Kyanwarki?"

"Ni."

Ya dube ta sama da ƙasa, ya ga ba wasa a fuskar. Dukansu sun san yadda bana take. Ruwan shekaru biyu ya kashe 'yan tsaki, a duk tudun Pruitt babban namiji ɗaya ne ya rage, wani tsohon tsuntsu da Hoyt ya bi shekara uku bai samu ba. Kurma suke ce masa, don ka kira shi har hannunka ya gaji, sau ɗaya zai amsa in ya ga dama. Tudun kuma na gida ne, Burl ma yana da ikon hawa. In ya riga ta, magana ta ƙare.

Maimakon ya tashi, sai ya gyara zama.

"To saurara, kar a ce matar yayana ta je daji ta kunyata mu. Da farko, jan ɗankwalin nan ki cire shi. Na biyu, kira uku kawai, ki ajiye akwatin nesa da hannunki. Su talo-talo a wajensu mace ce ke zuwa gun namiji. In kin cika kira, ya san kina nan kin matsu, sai ya tsaya can ya baje wutsiya yana jiran ki. Na uku, in ya yi shiru, ba tafiya ya yi ba, zuwa yake. Ko ƙuda ya shiga hancinki kar ki motsa. In dole sai kin yi wani abu, ki ɗan tona busasshen ganye da hannu kamar mai kiwo."

"A ina yake kwana?"

"Bakin rafi, ta gabas. Yamma wajen tsohuwar rijiya kar ma ki wahalar da gwiwarki, ba komai sai kaska."

Da ya tafi, Oleta ta daɗe tana juya maganar. Mutum yana son abin hannunka, shi ne zai zauna ya koya maka yadda za ka riƙe? Yaushe kura ta zama mai gadin akuya? Ta auna ta auna, sai ta ce a ranta: a kan wuri, kunnena zai iya kama shi in ya yi ƙarya, ba zai yi gigi ba. Amma dabarun nan, ya san ban sani ba, nan ya binne mini ƙaya. Kira uku! Wato in zauna shiru kamar gunki shi ya bi ta baya ya kira tsuntsun.

Don haka kashegari da asuba tana bakin rafi ta gabas, da jan ɗankwalinta, tana gogar akwati kamar mai gurza rogo. In ta yi rabin sa'a ba amsa sai ta tashi ta sake wuri. Kwana shida tana haka. Abin da ta samu hankaki ne, da mura, da kaska biyu a bayan kunne. Sau ɗaya ta ji gulu-gulu can nesa ta yamma, ta ce amsa-kuwwa ce.

Ran Asabar alli ya ƙare, ta sauka kantin wata mata mai suna Wanda. Wanda ce mai sayar da abincin dabbobi da harsashi, tana kuma dafa kofi a gefe. Mafarauta sun cika benci, har da Burl.

"Ga gwanar gidan Pruitt nan! Uwar gida, an ce hankakin gabas duk sun yi ƙaura."

"Sun ji ku ne za ku zo, sun ce ba sa zama inda ake ƙarya."

Aka kwashe da dariya. Wani ya tambayi na kusa da shi ko ya ji wani abu da safe. Shi kuwa ya ɗaga hannu sama ya ce ko tari bai ji ba, alhali ga gashin tsuntsu maƙale a gwiwar wandonsa.

Wanda ta jawo Oleta bayan kanta, ta fizge ɗankwalin.

"Ke, kin gaji da duniya ne? Da wannan kike shiga daji? Kan namijin talo-talo ja ne! Ɗan baffana har yau akwai harsashi uku a wuyansa saboda jan hankici. Ba wanda ya gaya miki?"

Oleta ta ce, "Burl ya faɗa."

"Shi ne kika ƙi?"

"Akwatin yake so, Wanda. In ya ce mini rana ta fito sai na leƙa."

Wanda ta kama haɓa. "Shekara talatin kina auren mafarauci ba ki gane su ba? Ni shekara ashirin ina zuba musu kofi. Tambayi kowane cikinsu yadda ake yi, zai zaunar da ke ya koya miki har ki yi hamma, kuma gaskiya zai faɗa, don yana so a san ya iya. Amma tambaye shi a ina. Nan zai rantse da kabarin uwarsa ya shirga miki. Marigayi mijinki ya taɓa tura fasto cikin gonar da ba komai sai bijimi."

Oleta ta biya kuɗi. Ta karɓi allinta ta fito, ta zagaya bayan motar Burl kamar mai gyara takalmi. Tayoyin sun sha jan laka har wuya. Hanyar rafi tsakuwa ce da farin yashi. Jan laka a tudun nan wuri ɗaya yake, hanyar tsohuwar rijiya.

Wato ta kama gaskiyar ta jefar, ta rungumi ƙaryar. Abin ya yi mata ciwo fiye da cizon kaska.

Ran Litinin ta sa tsohuwar hular Hoyt ta hau yamma. Gari na fara haske mujiya ta yi kuka, sai daga saman wani dogon itace, gulu-gulu-gulu! Har cikin haƙoranta ta ji shi. Ta zauna ta jingina, ta goga akwati sau uku, ta ajiye. Ta ji saukar Kurma, fuf, kamar an yar da buhu. Daga nan shiru.

Ta jira. Ƙafar hagu ta mutu. Ta dama ta bi ta. Rana ta ɗago, sai zuciya ta fara yi mata raɗa: ya tafi, ke kaɗai ce a nan, wataƙila ma Burl na can yana saita shi. Ta dafa itace ta miƙe.

Yana bayanta, taki ashirin bai cika ba. Ido ɗaya ya yi mata, gemun nan na ƙirjinsa har yana jan ƙasa, kafin ta juya bindiga ya ce fut, ya yi sama ya ƙetare kwari.

Oleta ta zauna daɓas. Rasa tsuntsun bai ƙona mata rai kamar yadda maganar Burl ta tabbata ba.

Bayan wannan Kurma ya ɗauke ƙafa. Aka yi ruwa kwana huɗu, ta hau a ciki duk da haka, gwiwa ta kumbura har sai da ta yi rarrafe a gangaren. Kullum tana ganin sabon sawun tayar Burl a jan laka, kullum tana kasa kunne ta ji ƙarar bindigarsa. Ba ta ji ba, wannan ma ya dame ta. Me yake jira? Mutumin da ya san inda tsuntsu ke kwana tun kafin a buɗe farauta? Ta ce so yake in sha wuya har ƙarshe, sannan ya ɗauke a idona.

Ranar ƙarshe ta zo. Tun da duhun asuba tana gindin wani ƙaton itace kusa da rijiyar, bindiga a kan gwiwa. Mujiya ta yi kuka. Can arewa bayan babban dutse wata 'yar murya ta amsa, a karye, irin ta saurayin tsuntsu da bai gama koyo ba. Oleta ta ajiye wannan a ranta. Sai ga ta Kurma, kusa, a gabanta.

Ta goga sau uku. Ta tura akwatin gefe da ƙafa.

Ya sauka a wani ɗan fili, tsakaninsu taki tamanin, ga wani tsohon shingen waya da ya kwanta a tsakiya. Bindigarta taki talatin take ci. Ya baje wutsiya, ya ja fiffike a ƙasa, ya je dama, ya dawo hagu, ya kumbura kamar sabon ango. Amma gaba, ko taki ɗaya. Jira yake macen ta zo.

Sa'a guda suna haka. Sai daga bayanta, ta hagu, wata mace ta yi kuka.

Oleta ta kasa kunne. Ta yi shekaru tana jin macen gaske daga bakin ƙofarta, kukanta da sarƙewa, da tuntuɓe, wani lokaci kamar mai mura. Wannan kuwa tas yake kamar waƙar coci. Ta gane shi. Burl ba ya kira da akwati, da ƙashin fiffike yake tsotsa, tun yana saurayi.

Jini ya hau mata ka. A duwatsun nan ko baƙo ya san ba a shiga tsakanin mutum da tsuntsun da yake kira. A ranar ƙarshe! A gaban idonta! Hannunta ya miƙa wajen akwati da kansa. Ta ce bari in goga masa har kunnensa ya toshe, in na rasa kowa ya rasa. Yatsanta ya faɗa cikin kwarmin Hoyt.

Nan ta tsaya. Ɗan banzan ya yi mata ƙarya a kan wuri, amma a kan dabara bai yi ba. Ta janye hannun. Ta sa shi a busasshen ganye, ta ɗan tona, shar, shar-shar, ta bari.

Kukan bayanta ya sake tashi, amma ya yi nisa. Ya sake, ya ƙara nisa, yana gangarawa kwari kamar macen da ta gaji da jira ta kama gabanta.

Kurma ya miƙe wuya. Ya naɗe wutsiya. Ya yi shiru.

Oleta ba ta ko haɗiyi yawu ba. Sauro ya zauna mata a fatar ido ya sha ya ƙoshi. Ta gan shi ya zo bakin wayar, ya tsaya, ya duba, ya tsallake. Taki sittin. Hamsin. Yana tafiya yana tsayawa, jan kan nan yana juyawa ko'ina. Hanyarsa zuwa macen da ke tafiya ta gabanta ta bi. Ta bari sai da kansa ya shige bayan wani kututture, sannan ta ɗaga bindiga. Da ya ɓullo, ya ga wani abu ya canza, ya miƙe wuya zai ce fut.

Ƙarar ta cika kwarin.

Tana zaune a kan gawar tsuntsun, sai ga Burl ya hauro yana haki, ƙashin fiffike rataye a wuya.

"Kai, matar yaya! Kin toshe mini kunne. Kin samu hankakan?"

"Ka shiga tsakanina da tsuntsuna."

"Na shiga. Sace shi na zo yi. Tsuntsun ne wawa, ya bi ta kanki."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi, a hankali, yadda take duba ƙwai a rana.

"Ina bindigarka?"

Ya shafa kafaɗa kamar yanzu ya lura. "Af. A mota na baro ta."

"Shekara arba'in kana farauta, ka zo sata ka manta bindiga."

"Tsufa ne."

Sai ta tuna. Hoyt ya taɓa ba ta labarin yadda suke yi wa tsuntsu mai taurin kai tun suna samari: ɗaya ya zauna da bindiga, ɗaya ya yi ta ja da baya yana kira. Shi Hoyt kullum shi ne mai zama.

"Ka tura ni gabas sati guda, Burl."

"Na tura. Ina son akwatin nan, har gobe ina so. Na kakana ne." Ya tsuguna ya ɗaga gemun tsuntsun ya auna da tafin hannu, bai dube ta ba. "Ran Laraba yana bakin bindigata. Sai na hango wata tsohuwa tana hawan tudu da rarrafe a cikin ruwa, da hular yayana. Na ce bari dai in ga ƙarshen haukan."

"Me kake so a kai?"

"Ikon Allah! Mutum ba zai yi abu ba sai yana son wani abu?"

"Ban taɓa ganin wanda ya yi ba."

Ta ciro wuƙar Hoyt. Ta ɗauko akwatin ta ɗora a gwiwa, ta nemi ƙarshen layin tsagogin, ta yi tata. Ta ɗan karkace, amma ta shiga sosai. Burl yana kallo, ya cire hula ya mayar. Sannan ta juya ta yanke gemun Kurma daga tushe, ta miƙa masa.

"Wannan ai na mai harbi ne," in ji shi.

"Karɓi. Ba na yawo da alherin mutum a wuyana. Ƙirji ɗaya ma naka ne, ka zo Lahadi. Amma akwati ya kwana a gidana."

"Bana dai."

"Bana dai."

Ya cusa gemun a aljihu, ya saɓa tsuntsun a kafaɗa don gwiwarta, suka kama gangara. Sun yi nisa, sai ya yi gyaran murya.

"Ni kunnen nan ya fara nauyi. Kamar na ji wani saurayi ya amsa wa mujiya da asuba. Baɗi zai isa harbi. Ta ina kika ji shi?"

Oleta ta gyara akwatin a hammata. Ko waiwayen babban dutsen arewa ba ta yi ba.

"Bakin rafi," in ji ta. "Ta gabas."